Yadda Tsokar Jiki Ke Sabawa da Aiki

Duk mun san matan nan 'yan dako na babbar kasuwar Adawlato, masu ɗora dilar atamfa ko kwandon doya a kan gammo su ratsa cunkoso. Kayan da mu biyu za mu sha wuyar ɗagawa, mace ɗaya ke tafiya da shi. Ai ba da wannan ƙarfi aka haife su ba, jiki ne ya saba. To, yaya yake sabawa?

A jikin mutum akwai tsoka sama da 600, kowace kuwa damin zare-zare ne sirara. Matakan sabo uku ne.

Na farko, ƙwaƙwalwa ce ke fara koyo. A makonnin farko mutum zai ji ƙarfi ya ƙaru alhali damtse bai canza ba. Dalili, ƙwaƙwalwa ta koyi tayar da zare da yawa lokaci guda ta hanyar jijiyoyi.

Na biyu, zaren ya yi kauri. Nauyi yana gajiyar da zaren, wani lokaci har ya ɗan ji masa rauni. Tsamin jikin da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72. Sai jiki ya ɗauki furotin daga abinci, irin su wake, kifi, ƙwai da gyaɗa, ya gyara wurin, ya ƙara masa kauri. A lura da kyau: gyaran nan lokacin hutu da barci ake yinsa, ba lokacin ɗaga nauyi ba.

Na uku, juriya. Mai gudu ko buga ƙwallo a bakin teku, ƙananan hanyoyin jini ne ke ƙaruwa cikin tsokarsa, iskar da ya shaƙa ta isa da sauri. Shi ya sa ba ya saurin haki, ko da damtsensa bai kumbura ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan darasi: da yawanmu kan cika gwangwani biyu da siminti, mu soka ƙarfe a tsakiya, mu kama ɗagawa kullum don a ce mana ƙato. Wallahi hakan na iya jawo ciwon baya da na kafaɗa, domin jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ba ta saurin sabawa kamar tsoka. Su ma 'yan dakon, rashin hutu na bar musu ciwon wuya da ƙugu.

Don haka mu fara da kaɗan, mu riƙa ƙarawa sannu-sannu. Tsokar da ta sha aiki yau, mu bar ta ta huta kwana ɗaya ko biyu. Mu guji ƙwayoyin ƙara damtse. In ciwo ya soki gaɓa, mu dakata mu gaya wa manya. Kuma kada mu watsar gaba ɗaya, don tsokar da aka daina sa ta aiki komawa baya take yi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.