Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur Mai Hayaƙi

A gidaje da yawa a Dutse, Kiyawa da Jahun za ka tarar da Jincheng AX100 ko Suzuki ko Besfa a jingine a zaure, ƙura ta lulluɓe su, ana jiran 'yan gwangwan su zo su auna a kilo. Bajaj mai tsimin mai ce ta ture su daga hanya. Amma yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, kuma ɗalibin da ke neman aikin furojet ko abin hawa mai rahusa zai iya tayar da ɗaya.

Fara da sanin injin. Mai bugu biyu yana kunna wuta a kowane zagaye ɗaya na karanshaf, mai bugu huɗu kuwa sai a zagaye biyu. Ba shi da bawul, fistin ne ke buɗe ƙofofin mai da na hayaƙi. Man tu-ti yana gauraya da fetur, ya shafe fistin, sannan ya ƙone tare da shi. Asalin hayaƙin nan ke nan.

Kafin ka taɓa sifana, nemi takardu. In na gado ne, samu yardar magada, kada ka gama kashe kuɗi rigima ta taso.

Ka'ida ta farko: kada ka buga kik. Cire fulogi, ɗiga tu-ti kaɗan a ramin, bar shi ya kwana. Washegari danna kik da hannu a hankali. In ya ƙi motsi, fistin ya kama, sai an sauke bulo. Matsa masa da ƙarfi karya ringi yake yi.

Na biyu, hanyar mai. Tsohon fetur yakan daskare ya zama kamar ƙaro. Zubar da shi, jefa ƙananan notoci da kananzir a tanki, ka girgiza har tsatsa ta fita. Kwance kafireto, wanke jet da fetur, ka busa masa iska. Kada ka zura masa allura, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma zuƙar mai.

Na uku, numfashi. Duba matatar iska da salansa, don zanzaro na son gini a ciki, ga kuma baƙin toka da ke toshe salansar irin wannan inji.

Na huɗu, wuta. Sa sabon fulogi mai tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7, jingina shi a jikin inji, buga kik. Tartsatsi shuɗi ake so. In babu, bi waya da kwayil.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa: robobin oyilsil na gefen karanshaf. Zafi da jimawa na busar da su, iska ta riƙa kutsawa, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi ya kama kana tsakiyar tafiya. Alamarsa, silo ya riƙa hawa da kansa. Canza su tun farko. In famfon tu-ti na AX100 ba ya turawa, kada ka tayar sai an gyara shi. Besfa PX da ake haɗa wa mai a tanki kashi 2 cikin 100 take sha, wato mililita 20 a kowace lita. Baƙin man mota ba madadin tu-ti ba ne, ko da wani ya ce maka haka suke yi.

Daga nan canza man giya, duba birki da sarƙa, sauya taya in ta tsattsage ko da zanenta na nan. Kilomita 500 na farko bayan sabon ringi, tafi sannu, ban da goyon mutum biyu.

Gaskiya ɗaya: tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace lita da zafinta, kuma wannan inji ya fi Bajaj sha. Don haka rubuta farashin kayan gyara, na nan Dutse da na Kano, kafin ka sayi ko noti. In jimillar ta kusa kuɗin babur na hannu mai tafiya, haƙura. In ba ta kai rabi ba, bismillah, nemi bakanike ya tsaya maka a kan karanshaf, sauran ka yi da hannunka.