Faifan ajiya na waje ya fara jan ƙafa bayan sabunta kanel: ina laifin yake?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne wajen masu aiki da Linux, ko Ubuntu ce ko Fedora ko Mint. An sabunta manhaja, sabon kanel ya shigo, an sake kunna kwamfuta, sai faifan ajiya na waje da jiya yake kwasar megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa ya koma rarrafe. Kwafi ya tashi da gudu, ya je tsakiya ya tsaya cak, linzami ya ƙi motsi, bayan rabin minti komai ya farfaɗo, can kuma ya sake maƙalewa. Daga nan wani zai yi wa faifan fomatin, wani ya sake ɗora Linux daga farko, wani ya tafi kasuwa neman sabo. Duk gaggawa ce. Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne ɗan cif ɗin da ke cikin kwanson faifan, mai fassara tsakanin USB da SATA, kuma kanel da kansa yana rubuta shaidar hakan a inda kowa zai iya karantawa.

Kafin a taɓa komai, duk fayil ɗin da ba shi da kwafi a wani wuri a fitar da shi, ko da zai ci dare guda. Sannan a tabbatar da zargin. Yawancin nau'o'in Linux ba sa goge tsohon kanel nan take. Idan kwamfuta na tashi, ka danna Shift ko Esc har GRUB ya bayyana, ka zaɓi kanel ɗin da ya gabata, ka tabbatar da shi da umarnin uname -r. Ka kwafi babban fayil ɗaya, da kebul ɗaya, a rami ɗaya, a ƙarƙashin tsoho da sabo. Idan matsalar ta bi sabon kanel kawai, an sami bakin zare. Idan tana nan a duka biyun, sabuntawar ta zo daidai da lokacin ne kurum.

Sai a koma sabon kanel a buɗe taminal, a rubuta sudo dmesg -w, a fara kwafi ana kallo. Idan kwamfutar ta daskare har aka kashe ta da ƙarfi, journalctl -k -b -1 zai nuna abin da aka rubuta kafin kashewar. Layukan da ake nema su ne masu ɗauke da uas_eh_abort_handler, ko uas_eh_device_reset_handler, ko reset SuperSpeed USB device. Ga ma'anarsu. Hanyoyi biyu ne Linux ke magana da faifan USB. Tsohuwar, ta direban usb-storage, tana aika umarni ɗaya ta jira amsa kafin ta aika wani, kamar mai aiken yaro kasuwa sai ya dawo ya sake aikensa. Sabuwar, UAS, wadda ta fara aiki sosai tun kanel 3.15 a 2014, tana jera umarni da yawa lokaci guda. Wasu cif na JMicron da ASMedia suna shelar cewa sun iya UAS, amma idan aiki ya yi nauyi sai su haɗiye umarni su yi shiru. Kanel yana jiran daƙiƙa 30, ya soke umarnin, ya sake tada na'urar. Wannan jiran shi ne daskarewar rabin mintin. Kanel yana da jerin na'urorin da aka san halinsu, da yadda za a lallaɓa kowacce, kuma jerin da direbobin USB suna canzawa daga siga zuwa siga. Shi ya sa kwanson da ya zauna lafiya bara zai iya fara gardama bana.

Maganin layi ɗaya ne. Umarnin lsusb zai ba ka lambar na'urar, kashi biyu da ɗigo biyu a tsakani: a kashin farko, 152d ta JMicron ce, 174c ta ASMedia, 0bc2 ta Seagate. A ce taka 152d:0578 ce. Ka ƙirƙiri fayil a cikin /etc/modprobe.d/ mai ƙarewa da .conf, ka rubuta options usb-storage quirks=152d:0578:u a ciki. Harafin u na nufin a bar UAS ga wannan na'ura kaɗai. A Ubuntu da Debian sai a bi da sudo update-initramfs -u, a Fedora sudo dracut -f, a sake kunnawa. Idan bai kama ba, a saka usb-storage.quirks=152d:0578:u cikin layin kanel na GRUB. Umarnin lsusb -t zai nuna direban da ke aiki yanzu, ya kuma nuna gudun haɗin. Idan ka ga 480M a inda ya kamata a ga 5000M, faifan ya faɗo USB 2.0, inda da ƙyar zai wuce megabait 40 a daƙiƙa, kuma a nan kebul ko ramin ne abin dubawa.

Wani zai ce kashe UAS ci baya ne. Ga SSD maganarsa tana da nauyi, domin gudun zai ragu har a ji. Amma faifai mai juyawa na inci 2.5 iyakarsa kusan megabait 100 zuwa 130 a daƙiƙa, tsohuwar hanyar kuma a kan USB 3.0 tana ɗaukar fiye da haka, saboda haka asarar ba ta kai a yi kuka ba. Wani zai ce ai faifan yana aiki lafiya a Windows. Hakan bai wanke cif ɗin ba: masana'antu da Windows suke gwada kayansu, kuskuren da Windows ba ta taɓowa kuwa yana nan kwance. Mai cewa a zauna kan tsohon kanel a huta, a ganina ya yi daidai na mako ɗaya ko biyu. Bayan haka an daina samun gyaran tsaro saboda kwanson da bai kai kuɗin faifan ba. Wanda ke son kanel maras yawan sauyi ya koma jerin masu dogon tallafi, irin 6.6 ko 6.12, waɗanda ake ci gaba da gyarawa.

Akwai wata daskarewar da ba ta barin kuskure ko ɗaya a dmesg, kuma ita ce ta fi ruɗa mutane. Linux ba ya rubuta bayanai kan faifai kai tsaye, yana tara su a RAM tukuna. A tsarin asali yana fara zubar da su idan sun kai kashi 10 cikin ɗari na RAM ɗin da ke samuwa, yana kuma tilasta wa masu rubutu jira idan sun kai kashi 20. A kwamfuta mai gigabait 16, wannan na iya kusantar gigabait 3 da ke jiran shiga faifai mai nawa. Gudun da aka gani da farko ƙarya ne, na RAM ne, kuma idan tarin ya cika har burauza sai ta jira. Tun 2013 masu gina kanel, har da Linus Torvalds, suka tattauna wannan. Ka duba layin Dirty a /proc/meminfo yayin kwafi. Idan yana hawa zuwa gigabait, ka saka vm.dirty_background_bytes=16777216 da vm.dirty_bytes=50331648 a fayil cikin /etc/sysctl.d/. Kwafin ba zai ƙare da wuri ba, amma kwamfutar za ta daina maƙalewa, ma'aunin kwafi kuma ya fara faɗin gaskiya.

Abu biyu kuma a duba a gurguje. Faifan NTFS yana iya hawa da ntfs-3g ko da ntfs3 na Paragon da ya shiga kanel 5.15 a 2021. Umarnin mount zai nuna wanne ne, a gwada ɗayan. Idan kuma matsalar sai laftof na kan batir take zuwa, tanadin wuta ne ke sa ramin barci, a gwada usbcore.autosuspend=-1 cikin layin kanel na GRUB.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce wataƙila faifan ne ke mutuwa, kanel ya sha zargi a banza. Wannan yana faruwa, shi ya sa gwajin farko ba abin tsallakewa ba ne. Umarnin sudo smartctl -a -d sat /dev/sdb, da sunan faifanka a madadin sdb, zai nuna lafiyarsa; wasu na Seagate ba sa amsawa sai an kashe UAS. A jerin da smartctl ya fitar, idan ƙidayar lamba 199 tana ƙaruwa, haɗi ne ke da matsala. Faifai irin SMR, waɗanda suka cika kasuwar ƙananan faifai, dama can gudunsu kan faɗi warwas bayan dogon rubutu, a kowane kanel. Amma idan lamba 5 ko 197 ta bar sifili tana hawa, ko dmesg yana nuna I/O error a wuri ɗaya kullum, a dakatar da duk gwaji. Kada a yi fsck, kada a yi fomatin. A samo wani faifan da ya kai shi girma, a kwashe da ddrescue.