Robar Naitiril Mai Jure Mai da Zafi

Danƙon da ake tatsa daga itacen roba, irin na jihohin Edo da Delta, yana da kyau wajen yin taya, amma ba ya shiri da man fetur. Da zarar ya jiƙu da mai sai ya kumbura, ya yi laushi, ya lalace. A shekarun 1930 ne masana na kamfanin IG Farben a Jamus suka haɗa wata roba daga sinadarai biyu, butadin da akirilonaitiril. Ita ake kira naitiril.

Wannan roba tana jure fetur da man gas da baƙin mai, tana kuma ɗaukar zafin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Da ita ake yin tiyon mai, da zoben hana yoyo a inji, da safar hannun asibiti. Sai dai daɗewa a rana yana tsattsaga ta, man birki kuma yana ɓata ta.

Ya kamata makanikai da masu janareto su lura: baƙar roba duk kamarta ɗaya a ido. Tiyon ruwa a hanyar fetur yana iya jawo gobara. A nemi wanda aka yi musamman domin mai.