Darasi: Su Wane Ne Yaran Da Ke Aikin Wahala?

Darasinmu na wannan fitowa a kan yaran da ake sa wa aikin da ya fi ƙarfinsu ne.

Da farko mu bambance. Ki sa 'yarki wanke-wanke ko shara, wannan tarbiyya ce. Aikin da ake nufi shi ne wanda zai hana yaro karatu ko ya cutar da lafiyarsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2024 yara kusan miliyan 138 ne ke cikin wannan hali, miliyan 54 daga cikinsu a ayyuka masu haɗari. Mafi yawansu a gona suke, kuma galibi iyayensu suke yi wa aikin, ba baƙo ba.

A garuruwanmu kin san su. Akwai 'yar talla da farantin goro ko gyaɗa a tasha, da almajirin da ke ɗebo ruwa a ba shi ɗumame. Akwai kuma 'yar aiki, wadda ta fi ba ni tausayi. Daga ƙauye ake kawo ta, sau da yawa ba ta kai shekara goma sha biyu ba. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Kuɗin aikin ma ba hannunta yake shiga ba, matar da ta kawo ta ke karɓa ta cire nata. Tun da a cikin gida take, babu mai ganin halin da take ciki. Talauci ne tushe, amma kar mu manta da gasar kayan ɗaki, don uwaye da yawa saboda ita suke ɗora talla.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana ɗora wa yaro talla, dokar UBE ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Hadisin Abu Zarri (RA) ya koyar da a ciyar da mai hidima irin abin da ake ci, a tufatar da shi, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba.

To uwargida, in akwai yarinya a hannunki, ki duba: awa nawa take barci? In 'ya'yanki sun ɗauki jaka za su Islamiyya da la'asar, ita ina take?