Malamar Kimiyya da Ta Tsaya a Tsakiyar Tsani: Me Jagora Zai Yi Mata?

A kusan kowane sashen kimiyya akwai ofis ɗaya da ba ya rabo da layin ɗalibai. A ciki Dakta ce zaune, gabanta tulin takardun jarrabawa ɗaure da roba, a gefe fayil ɗin sakamakon 'yan aji uku, ga wata ɗaliba tana share hawaye saboda ta faɗi kwas. A ƙarƙashin tebur kuma akwai kwalin da ta adana littattafan gwaje-gwajenta, ƙurar hunturu huɗu ta rufe shi. Mai irin wannan ofis takan kai matakin babbar lakcara cikin hanzari, daga nan sai tafiya ta tsaya, ta yi shekara bakwai ko takwas a wuri guda, waɗanda aka ɗauke su aiki tare kuwa tuni ana ce musu Farfesa.

Ba ƙwazo ta rasa ba. Abin da ya faru shi ne ma'aunin ya sauya ba tare da kowa ya zaunar da ita ya faɗa mata ba. A jami'o'in Najeriya, akasari shekara uku ce mafi ƙarancin zama a kan mataki kafin a nemi na gaba, kuma har zuwa babban lakcara hukuncin a cikin gida ake yanke shi, wurin mutanen da suka san wahalar da malami yake sha. Amma mai neman zama mataimakin farfesa ko farfesa, rubuce-rubucensa ake tattarawa a aika wa manyan malamai na wasu jami'o'i, galibi uku, ana buƙatar biyu su amince. A Nijar ma haka abin yake, don malamin Jami'ar Abdou Moumouni gaban kwamitocin tantancewa na CAMES takardunsa suke zuwa. Waɗannan alƙalai ba su ga layin ɗalibai ba, ba su ga daren da aka raba ana haɗa maki ba. Maƙala kawai suke gani.

To, wa ake ɗora wa ayyukan da ba sa shiga ambulan ɗin da ake aika wa alƙalan waje? A 2017 Linda Babcock ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka da abokan aikinta sun buga binciken da ya nuna cewa an fi roƙon mata su ɗauki irin waɗannan ayyuka, kuma sun fi maza amsawa. A nan gida kunya da girmama na gaba suna ƙara wa abin nauyi. Shugaban sashe ya ce, "Dakta, ki taimaka ki riƙe mana jarrabawa bana, ke ce ba kya wasa da aiki," ita kuwa ba za ta iya kallon wanda ya koyar da ita ta ce a'a ba. Bana ta zama baɗi. Ga ɗakin gwaji da wuta kan ɗauke samfur ya lalace a firji, ga sinadaran da farashinsu yake bin dala, ga shekarun da suka zo daidai da goyo da jinyar iyaye.

Asarar ba ta suna ba ce kaɗai. A Najeriya, tun dokar 2012, malamin da ke rukunin farfesoshi sai ya cika shekara 70 yake ritaya, sauran malamai kuwa 65.

Aikin farko na jagora, namiji ne ko mace, shi ne ya nemo kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'ar, su zauna da biro su ƙidaya. Maƙala nawa ake nema, nawa ke hannu, nawa ne ita ce marubuciya ta farko, nawa aka buga a mujallar da jami'ar ta yarda da ita? Wannan zama na awa biyu yakan fito da abin mamaki. Wata za ta ga saura maƙala uku kawai, alhali ta daɗe tana zaton tazarar ta fi haka. Wata kuma za ta gane cewa rabin abin da ta buga yana cikin mujallun nan na 'yan kasuwa, masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da wani ya duba ba, waɗanda alƙalan waje kan yi watsi da su. Gara ta ji wannan daga bakin jagora da sauran lokaci a kan ta ji bayan ambulan ya dawo.

Daga nan sai a buɗe kwalin nan na ƙarƙashin tebur. Yawancin malaman da suka tsaya suna da bayanan da za su ba da maƙala biyu ko uku, daga aikin digirinsu na uku ko na ɗaliban da suka duba. Sai a ware safiya biyu a mako, a rufe ofis, a sanya ranar da za ta kawo daftari. Jagoran kirki yana karantawa da jan biro, ya mayar cikin mako biyu.

Akwai abin da ita ba za ta iya yi wa kanta ba, kuma nan ne ake gane jagora na gaskiya. Shi zai tashi a taron sashe ya ce Dakta ta riƙe jarrabawa shekara huɗu, lokaci ya yi da wani zai karɓa. Shi zai ba da sunanta idan ana haɗa tawagar neman tallafin bincike na TETFund, ya tuna mata da hutun bincike na shekara guda da ta cancanta ba ta taɓa nema ba. Ya kuma nuna mata ƙofofin da aka buɗe domin mata: OWSD da ke Trieste a Italiya, da AWARD da ke Nairobi, wadda tun 2008 take haɗa masu binciken noma da jagorori, da kyautar L'Oréal da UNESCO.

Wani abu da ba a cika faɗa a fili ba shi ne tsoron tsegumi. Farfesoshi mata a kimiyya ba su da yawa, duk da cewa irin su Grace Alele-Williams, wadda ta shugabanci Jami'ar Benin daga 1985, da Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai da ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016, sun nuna iyakar da za a iya kaiwa. Saboda haka jagoran da ke kusa galibi namiji ne, kuma mutane da dama na kirki suna ja da baya don gudun magana. Maganin mai sauƙi ne: a yi zaman da rana, ƙofa a buɗe, ko a haɗa malamai uku ko huɗu su riƙa haɗuwa da jagora sau ɗaya a wata, kowa da daftarinsa. Wannan ya ma fi amfani, domin suna karanta aikin juna.

Ita ma malamar da nata. Kada ta jira sashe ya naɗa mata uwar ɗaki. Ta zaɓi wanda ta ga ɗalibansa suna gamawa kuma maƙalunsa suna fita a mujallu masu daraja, ta je da buƙata takamaimiya: "Ranka ya daɗe, ga daftari, ina son ka duba min sashen sakamako kafin ƙarshen wata." Ta kuma tambayi ofishin rajistara watan da ake karɓar takardun ƙarin girma, ta ƙidaya baya da aƙalla shekara ɗaya, domin mujalla mai kyau tana iya riƙe maƙala wata shida ko fiye kafin ta ba da amsa.