Sayen Gidan Da Banki Ya Karɓe A Amurka: Hanyar Tsira Daga Jinkiri Da Tara

A ƙasar Amurka yawancin mutane da rance su ke sayen gida, gidan kuwa shi ne jingina. Idan mutum ya kasa biya, sai a kai gidan gwanjo. In ba a sami wanda ya taya da daraja ba, sai ya zama na banki. Irin waɗannan gidaje sun yi yawa ƙwarai bayan rikicin kuɗi na 2008. Sau da yawa su kan yi araha, amma cinikinsu yana da sharuɗɗan da ya kamata mai saye ya sani tun bai sa hannu ba.

Banki ba ya son gida ya daɗe a hannunsa, gama haraji da inshora suna cin kuɗinsa kullum. Saboda haka ya kan haɗa wata takarda tasa da takardar ciniki, in sun saɓa kuwa, tasa a ke bi. A cikinta a ke yanka ranar gama ciniki, da tarar kowace rana da mai saye ya ƙara bisa wa'adi. Misali, in an rubuta dala 100 a kwana, jinkirin kwana 15 ya zama dala 1,500. Bankin kuma yana iya fasa cinikin, ya riƙe kafin alƙalami.

Ga abin da mai hankali ya kan yi:

1. Ya nemi takardar amincewa daga mai ba shi rance tun kafin ya taya, ya tambaye shi kwana nawa aikin zai ci. Kada ya yarda da wa'adin kwana 30 alhali rancensa sai ya yi 45.

2. Ya sa gwani ya duba gidan da wuri. Banki ya kan sayar da gida yadda ya ke, ba ya cika yarda da gyara ba. Gidan da ya daɗe a rufe kuwa, sau da yawa an yanke masa ruwa da lantarki, tilas a maido da su kafin dubawa.

3. Ya lura da irin rancensa. Hukumar FHA, wadda aka kafa a 1934, ba ta tsaya wa rance sai gida ya cika ƙa'idodin lafiyar zama. Rufi mai yoyo kaɗai ya isa ya tsai da ciniki.

4. Ya sa a bincika asalin mallakar gidan, domin wani lokaci a kan tarar da bashin haraji a kansa.

5. Kada ya ci sabon bashi ko ya sake aiki kafin a gama, gama mai rance zai sake bincikensa.

Tun daga 2015 doka ta wajabta a ba mai saye takardar lissafin ƙarshe kwana 3 na aiki kafin ranar sa hannu. In aka sake irin rancen, sai a sake ƙidaya kwanakin daga farko.

In kuwa jinkiri ya zama tilas, sai ya nemi ƙarin wa'adi a rubuce tun ranar ba ta zo ba. Idan daga wajen banki ne jinkirin ya fito, lalle a rubuta haka, don kada tara ta hau kansa. Alkawarin baki na dillali ba ya kare kowa. Rigakafi ya fi magani.