Kafin ka kira shi ɗan damfara, ɗauko rula

Sau uku ke nan a hunturun bana ana shigo mini shago da rigima iri ɗaya. Na bayan nan wani matashi ne da ke kaɗa jita a wuraren biki. Ya ga tallar jaki a Facebook, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, wurin wani mutum a Legas. An rubuta cewa daga jikin tsohuwar Fender ta Amurka aka kwance shi. Ya tura kuɗi, aka ba direba saƙo, ya je tasha ya karɓa. Da ya zo ɗaurawa, sukurori shida suka ƙi haɗuwa da ramuka shida. Kafin ya iso wurina har ya baza hoton mutumin a zaurukan WhatsApp, wai ga mai sayar da jabu.

"Baba, duba mini, ai ka ga cutar da aka yi mini," in ji shi.

Na juya ƙarfen, na ɗora rula. Gangariya ne, babu abin da ya same shi daga hannun mai sayarwa. Jitar yaron ce Squier, ba Fender ta Amurka ba.

Babu maganar da ke ba ni haushi a sana'ar nan kamar wadda makaɗa ke yaɗawa tsakaninsu, wai duk jitar da ke da siffar Stratocaster kayanta na shiga na 'yar'uwarta, in kuwa bai shiga ba to jabu ne. Kama da wane ba ta wane. Fender ta fito da Stratocaster a 1954, kuma Amurka da inci take awo. A 1982 aka fara ƙera Squier, samfurin Fender mai araha, a Japan, daga baya aikin ya bazu zuwa Koriya, Sin da Indonesiya, inda milimita ke mulki. Ban da ɗimbin masu kwaikwayo marasa suna da ake jibgewa a kasuwar Alaba. Ido zai ce maka duk ɗaya ne, rula kuwa ba ta jin kunyar kowa.

A jakin tsohon samfurin Amurka, tsakanin tsirkiyar farko da ta shida kusan milimita 56 ne. A yawancin na Asiya kusan 52 da rabi. Bambancin bai kai milimita 4 ba, amma ya isa ya hana sukuru shiga. Ko ka matsa masa ya zauna, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga bakin wuya duk sanda ka danna su. Wasu Squier masu araha ma jikinsu bai wuce kaurin milimita 40 ba, alhali na asali ya doshi 45, sai ka ga dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin jaki ya leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa.

Wuyan jita ya fi wannan muni, don ya fi tsada. Tsawon tsirkiya a Stratocaster inci 25.5 ne, kusan milimita 648. A Les Paul ta Gibson inci 24.75, kusan 628. Ka ɗora wuyan da aka yanka wa awo ɗaya a jikin da aka yi wa ɗayan, ka kwana kana saiti, murya ba za ta taɓa daidaita ba. Gwajin kuwa ko ɗan firamare zai iya: auna daga ƙashin da tsirkiyoyi ke ratsawa a saman wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ka ninka biyu. Gindin wuyan Stratocaster a zagaye yake, na Telecaster a miƙe, duk da kamfani ɗaya ya haife su. Kunnuwan ɗaure tsirkiya na zamani ramin milimita 10 suke so, na dā ƙasa da 9. Hatta ɗan murfin robar da ake murzawa a ƙara sauti, na Amurka haƙora 24 ne a cikinsa, na Asiya 18. Bahago kuma, irin Mdou Moctar na Nijar, sai ya ƙara da tambayar ko kayan na dama ne ko na hagu, abin da masu talla ba sa damuwa su rubuta.

Ba ina wanke 'yan kasuwa ba ne. Akwai macuta, kuma ana buga jabun kaya da tambarin manyan kamfanoni. Amma a raba abu biyu da malamanmu na fikihu suka daɗe da rabawa. Aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda aka ɓoye ko ba a faɗa ba, yana ba mai saye zaɓin mayarwa. Kaya lafiyayye da aka siffanta daidai, kai ne ba ka auna naka ba, wannan ba aibi ba ne, ganganci ne. In mai kaya ya karɓa ya mayar maka da kuɗi, alfarma ya yi maka, kuɗin mota kuma a wuyanka yake.

Aibi na gaskiya a kayan hannu sananne ne. Fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla yana ɗaukar sauti, yakan mutu ba tare da ya nuna a fuska ba. Mitar masu gyaran rediyo ce alƙali. Mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, mai naɗi biyu wajen 8,000 ko sama. In mita ta ƙi nuna komai, waya ta tsinke a ciki. Ka sa mai kaya ya ɗauki bidiyon wannan awon kafin ka tura ko sisi. A wuya kuma, ka ce ya sa makulli ya juya sandar ƙarfen da ke cikinsa kana gani. In ta karye ko notinta ya cinye, itacen girki ka saya.

Sai wani abu da ba laifin kowa ba. Katakon da ya shekara yana shan raɓar Legas, ka kawo shi Kano a tsakiyar hunturu, dole ya motsa. Zai tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna kartar hannu, wani lokaci ya ɗan lanƙwasa. Bar shi ya yi mako biyu ya saba da iskar gari, sannan a saita shi. Na ga abota ta lalace a kan wannan.

Yanzu ga gargaɗin da nake maimaitawa har bakina ya gaji. In kaya ya iso bai yi maka ba, kada ka taɓa shi. Kada ka huda, kada ka goga magagari, kada ka yanke waya, kada ka ɗiga dalma. Kada ka kai wa mai walda. Kada ka bari abokinka da ya "iya gyara" ya gwada sa'arsa. Ka buɗe kwalin kana ɗaukar bidiyo, tun a tasha in da hali, ka ɗora rula a kai ka ɗauki hoto, ka aika wa mai kaya a ranar, da lafazi mai daɗi. Muddin kayan na nan yadda ya zo, kana da bakin magana. Ranar da ka canza masa kama, ka saya ke nan har abada, kuma babu dattijon kasuwa ko alƙalin da zai tilasta wa mutum karɓar abin da ka ɓata.

Ku kuma masu sayarwa, "yana aiki lafiya lau" ba bayani ba ne. Rubuta daga jikin wace jita ka kwance, ka sa awo, ka nuna tsatsa da karce a hasken rana. Kuma ku daina toshe lambar mutum da zarar alat ya shigo, wannan ɗabi'ar ce ke sa a ɗauki mai gaskiya ɓarawo. A eBay da Reverb akwai tsarin kai ƙorafi da mayar da kuɗi. Facebook da Jiji haɗa ku kawai suke yi, kuɗin da ka tura kai tsaye kuwa babu mai riƙe maka shi. Saboda haka ku yi sharaɗin mayarwa a rubuce tun kafin biya: kwana nawa, kuma wa zai biya direba. Masu garzayawa ofishin 'yan sanda a kan cinikin da bai kai kuɗin cefanen mako ba, abin da za ku kashe a zirga-zirga ya fi kuɗin ƙarfen.

Shi dai yaron nan, da na sake duba jakin da kyau, sai na ga ramuka biyu na gefe sun zama kamar ƙwai. Ya riga ya sa magagari.

"Baba, yanzu ba zai karɓa ba ke nan?"

Na ce ko ni ne ba zan karɓa ba. Na ɗaura masa tsohon jakinsa, na sa shi ya zauna a kan benci ya goge hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kira mutumin Legas a gabana.